Daga Kwalbar Kaka Zuwa Tudun Murjani a Falo

A 1887 jaridu suka ba da labarin mutuwar wata tsohuwa a birnin Edinbara na ƙasar Skotland, tsohuwar da ta shafe kusan shekara sittin maƙale a gindin kwalbar gilashi. Anemoni ce, wata halittar teku ja mai laushin jiki da ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Sir John Graham Dalyell, lauya mai sha'awar halittun ruwa, shi ya ɓamɓaro ta daga jikin dutse a gaɓar North Berwick a 1828, ya kai ta gida, yana canza mata ruwan teku lokaci-lokaci, yana ba ta ɗan naman kawa. Ta haifi 'ya'ya ɗaruruwa a cikin kwalbar, shi ya sa aka laƙaba mata suna Granny, wato Kaka. Dalyell ya rasu a 1851 ya bar ta da rai. Ta yi ta wucewa daga hannun wannan masani zuwa na wancan, har ta ƙare kwanakinta a lambun nazarin tsirrai na birnin, inda mutane ke zuwa musamman don su gan ta.

Wanda ya ga anemoni a karon farko zai rantse fure ce. Amma dabba ce, 'yar uwar murjani: jiki kamar buhu, baki ɗaya a sama, kewaye da shi kuma yatsu masu harbi da take kama ƙananan halittu da su. Irin su Kaka suna zaune ne a gaɓar da ruwa ke janyewa ya dawo sau biyu a yini. Sun saba da rana, sun saba da ruwan sama, sun saba da awanni a busasshen dutse. Wannan juriya ce ta sa kiwon halittun teku a gida ya fara da anemoni tun kafin a san yadda za a riƙe kifi. Yau kuwa, duk gwanin da aka tambaya yadda ake cika ƙaramin tankin ruwan gishiri zai ce anemoni ce ta ƙarshen shiga, in ma za ta shiga. Tarihin sana'ar gaba ɗaya yana cikin yadda aka yi wannan juyi.

Murjani mai rai ya fara zama a gidan mutum a Landan ne ta hannun wata mata, Anna Thynne, matar wani babban limamin cocin Westminster. A 1846 ta je Torquay da 'ya'yanta, ta tsinci wasu ƙananan murjanai na ruwan sanyi, ta ɗinke su da allura da zare a jikin soso don kada girgizar tafiya ta farfasa su, ta taho da su a tulu. A Landan ta zuba su cikin kwanonin gilashi. Kawo ruwan teku daga gaɓa yana da wahala da tsada, don haka ta sa mai aikinta ta riƙa tsayawa gaban buɗaɗɗiyar taga tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, har iska ta ratsa shi. Daga baya ta sa aka kawo mata duwatsu masu ciyawar teku, ta ga ruwan ya ƙara daɗewa bai lalace ba. Murjananta sun rayu shekaru, har suka rarrabu suka ƙaru, kuma an buga bayanan da ta rubuta a kansu a 1859. Littattafan zamanin ba su cika ambaton sunanta ba, balle na mai aikin da hannunta ya yi aikin da injin famfo ke yi a yau.

Mazan da suka biyo baya su suka kwashi suna. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai, Robert Warington, ya bayyana cewa tsiro yana ba ruwa iskar da kifi ke shaƙa, kifi kuma yana ba tsiro abin da yake buƙata, katantanwa tana share abin da ya ruɓe. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko a duniya da jama'a ke shiga kallo, kuma Philip Henry Gosse ne ya riƙa aiko masa da halittu daga gaɓar Weymouth. Shekara guda bayan haka Gosse ya fitar da littafinsa The Aquarium, da zane-zane masu launi da suka ɗauke hankalin masu kuɗin Ingila. Ya kuma wallafa yadda za a haɗa ruwan teku na hannu da gishiri iri huɗu. Lokaci ya yi masa daidai: an soke harajin gilashi a 1845, gilashi ya yi araha, jirgin ƙasa kuma ya kusanto da bakin teku ga mazauna birni.

Sai abu ya zama yayi. Wani mai suna William Alford Lloyd ya buɗe kanti a titin Portland a Landan yana sayar da tankuna, da ruwan teku da awo, da anemoni dubbai. Iyalai suna zuwa hutu Ilfracombe da Tenby da guduma da kurfi da kwanduna, suna fasa duwatsu suna kwashe duk abin da ya yi motsi. Ɗan Gosse, Edmund, ya rubuta a littafinsa na 1907 cewa kududdufan gaɓar da ya sani yana yaro an kwashe su ƙarƙaf, kuma bai ɓoye cewa littattafan mahaifinsa na cikin abin da ya jawo hakan ba. Wannan ne karo na farko da son teku ya yi wa teku ɓarna ta wannan hanya, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Yayin bai daɗe ba. Tankin da aka ajiye a taga yana ɗaukar zafi, ruwa ya yi kore, dabba ɗaya ta mutu a bayan dutse, da safe falo ya cika da ɗoyi. Ƙarfen da ke riƙe gilashin yana tsatsa ya sa wa ruwan guba. Kafin tsakiyar shekarun 1860 yawancin tankunan sun koma ɗakin ajiya. Lloyd kansa ya karye, ya koma gina manyan gidajen kifi, a Hambag ta Jamus, sannan a Crystal Palace a 1871, inda injin tururi ke juya ruwa dare da rana.

A daidai wannan lokaci, a 1868, wani Bature mai suna Cuthbert Collingwood ya ba da labarin abin da ya gani a tekun da ke kusa da Borneo: anemoni manya-manya, da ƙananan kifaye masu ratsi suna shige da fice a tsakanin yatsunsu ba tare da an harbe su ba. Wannan zama na kifi da anemoni shi ne hoton da yau ke jan mutane zuwa kantin kifi. An yi fiye da shekara ɗari kafin mai tanki a gida ya iya riƙe su biyun tare.

Murjanin da za a yi magana a kai daga nan ya bambanta da jan murjanin tsakiya da mata ke sawa a wuya, wanda asalinsa Bahar Rum ne. Wanda ake nufi shi ne mai gina tuddai a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi. Alhazan da suka bi ta ƙasa suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin sun kwana a inuwarsa, domin da dutsensa aka gina tsofaffin gidajen garin. Kowane reshe taron dubban ƙananan dabbobi ne, kowace kamar ƙaramar anemoni, suna zuƙo kalsiyam daga ruwa suna gina ƙashin da suke zaune a kai. Duk wanda ya gwada riƙe shi a tanki, sai ya ga ya koɗe ya mutu cikin makonni, ko da ana ba shi abinci.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa huɗu suka haɗu suka farfaɗo da sana'ar: jirgin sama, jakar leda da ake hura wa iskar oksijin, danƙon silikon da ke haɗa gilashi da gilashi ba ƙarfe, da gishirin teku na kamfani irin su Instant Ocean da ya fito a Amurka a shekarun 1960. Kifin da aka kama a Filifin ko Siri Lanka yana iya isa Niyok da rai. Sai dai tankin wancan zamani maƙabarta ce mai kyan gani. Ana jera ƙasusuwan mataccen murjani farare fat, kifaye suna yawo a tsakaninsu, da gansakuka ta fara hawa sai a ciro su a jiƙa a bilic a mayar. An ɗauka tsabta ita ce lafiya. Kifi ya yi rashin lafiya a zuba maganin jan ƙarfe, wanda ke kashe duk wata halitta marar ƙashin baya. A irin wannan tanki anemoni ba ta da wurin zama.

Kifayen ma da yawa sun iso da ajalinsu a ciki. Fitar da kifin ado daga Filifin ta fara a 1957, kuma a farkon shekarun 1960 masu nutso suka fara amfani da gubar sayanayid. Mai nutso yana narka ƙwayar a robar matsawa, ya fesa a ramin murjani, kifi ya fito a sume ya ɗauke shi. Masuntan da suka san magimfa sun san dabarar, sai dai wannan guba tana ƙona murjanin da ta taɓa, kuma kifin da ya farfaɗo sau da yawa yakan daina cin abinci ya mutu bayan makonni a gidan wanda ya saye shi. Filifin da Indunusiya sun haramta ta, ƙungiyoyi sun koya wa masu nutso kamu da ƙaramar koma, amma har yau ba a rabu da ita kwata-kwata ba. Mai nutson da ya kasada da ransa shi ne ke samun mafi ƙanƙantar kaso a kuɗin kifin.

Gyara ya fito daga inda ba a zata ba. A 1961 wani mazaunin Jakarta, Lee Chin Eng, ya rubuta a mujallar Tropical Fish Hobbyist cewa shi ba ya tace komai. Yana ɗebo ruwan teku, ya zuba duwatsun da aka ciro daga tudun murjani da duk abin da ke jikinsu, tsutsotsi da soso da gansakuka, ya sa iska tana ɓulɓulowa a hankali, ya bar hasken rana ya shiga. Hotunansa sun nuna kifi da murjani da anemoni suna zaune lafiya. Masu kiwo a Amurka da Turai suka gwada, akasari suka kasa, wasu har suka zarge shi da cewa sabbin halittu yake zubawa kafin ya ɗauki hoto. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, dutsensa yana zuwa daga teku da ransa cikin awanni, nasu kuwa yana isowa rabinsa a ruɓe, kuma ranar Jakarta ba ta fitowa a Landan. Wannan dutse, da yanzu ake kira dutse mai rai, cike yake da bakteriyar da ke mayar da ammoniyar kashin kifi zuwa sinadarai marasa kisa. Lee ya yi gaskiya, ya riga zamaninsa ne da shekara ashirin.

Batun rana kuwa masana kimiyya sun daɗe suna bibiyarsa. Tun ƙarni na sha tara aka ga wasu ƙwayoyin gansakuka masu ruwan ƙasa-ƙasa zaune cikin naman murjani da anemoni. A 1958 Leonard Muscatine da Cadet Hand suka nuna, ta gwaji a kan wata anemoni ta gaɓar Kalifoniya, cewa abincin da ƙwayoyin nan ke haɗawa da hasken rana yana shiga jikin dabbar da ta ba su masauki. Ashe murjanin tanki yunwar haske ce ke kashe shi. Wannan dangantaka ce kuma ke wargajewa idan teku ya yi zafi fiye da kima, murjani ya kori ƙwayoyin ya yi fari, kamar yadda ya faru a tekunan duniya a 1998.

Jamusawa ne suka haɗa ilimin wuri ɗaya. Peter Wilkens ya rubuta littattafai a shekarun 1970 a kan kiwon halittu marasa ƙashin baya, ya kuma yaɗa dabarar ƙara ruwan da aka narkar da farar ƙasa a ciki don mayar da kalsiyam ɗin da murjani ke sha. Wata ƙungiyar masu kiwo a Balin ta Yamma ta ɗora a kai: dutse mai rai da yawa, fitila mai ƙarfin gaske, ruwa mai motsi, da wata na'ura da ke kaɗa ruwa da iska har ya yi kumfa, kumfar ta kwaso datti ta zubar a kofi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan ƙungiyar, Dietrich Stüber, ya ga ɗan tsiron murjani mai reshe, irin da ake kira Acropora, ya ɓullo daga jikin dutsensa. Masana da yawa a lokacin suna ganin irin wannan ba ya rayuwa a tanki. Na Stüber ya girma har ya zama sai an riƙa karya rassansa, shi kuma ya riƙa rabar da su ga abokai. Zuriyar wannan murjani tana nan a tankuna a nahiyoyi daban-daban, da sunansa ake kiranta. A birnin da katanga ta kewaye, nesa da kowane teku mai ɗumi, aka tabbatar cewa ana iya dasa murjani kamar rogo, a karya reshe a kafa.

Amurka ta kamu a 1986, bayan jerin maƙalolin da wani ɗan Holan, George Smit, ya buga da hotunan tankunan ƙasarsu. Buƙatar dutse mai rai ta yi tashin gwauron zabi, har aka riƙa fasa tuddan Fulorida da ƙarfe, sai da hukuma ta hana ɗibarsa a ruwan jihar, sannan a ruwan tarayya zuwa 1997. Tun 1990 kuma dukkan murjanai masu ƙashi suka shiga jerin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini.

A ɓangaren kifi, Martin Moe ya yi nasarar ƙyanƙyashe kifin anemoni ya rene shi a Fulorida a farkon shekarun 1970. Kifin ya sauƙaƙa aikin: yana manna ƙwansa a jikin dutse, namijin yana gadi yana yi masa fifita da fiffike har ya ƙyanƙyashe cikin mako guda da 'yan kwanaki. Dukkansu maza ake haifarsu, mafi girma a gida shi ke rikiɗa ya zama mace, don haka ƙanana biyu da aka haɗa sukan zama ma'aurata. Yau kifin anemonin da aka haifa a gonar kifi ya cika kantuna, ya fi na teku juriya, kuma bai taɓa ganin anemoni ba.

Sauran kifaye ba su yi wannan sa'a ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa 2 ke da tankin ruwan gishiri, ana cinikin kifi miliyan 20 zuwa 24 a shekara daga nau'i 1,471, da murjani guda miliyan 11 zuwa 12, kuma kusan dukkan kifayen daga teku ake kamo su. A shekarar ce fim ɗin Finding Nemo ya fito, aka yi ta cewa ya sa an wawashe kifin anemoni, ko da yake masu binciken da suka duba alƙaluman shigo da kaya daga baya ba su ga hujja mai ƙarfi a kan haka ba. Ɓarnar da ta tabbata ta faɗa ne kan wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da azurfa na tsibiran Banggai a Indunusiya, wanda namijinsa ke riƙe ƙwai a baki. Kasuwa ta san shi a tsakiyar shekarun 1990, zuwa 2007 an sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, alhali yana cikin kifayen da suka fi sauƙin haihuwa a tanki.

Ƙaramin tanki na yau, mai cin lita arba'in zuwa ɗari, ya samu ne da zuwan fitilun LED marasa zafi da ƙananan famfuna. Yadda ake cika shi darasin fiye da shekara ɗari da hamsin ne a taƙaice. Ana fara da ruwan da aka tace aka haɗa da gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, da ɗumin digiri 25 ko 26. Sai dutse da yashi, sannan jira na makonni huɗu zuwa shida, tankin ba kowa, ana gwada ruwa har bakteriya ta kafu ammoniya ta ɓace. Wannan jira shi ne inda yawancin sababbin shiga ke faɗuwa. Daga nan katantanwa su shiga su ci gansakuka, sai kifi biyu ko uku ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, sai murjanai masu laushi da ke yafe kuskure, masu ƙashi kuma sai hannu ya faɗa. Shuɗin kifin nan na fim ɗin Finding Nemo, wanda sai a 2016 aka fara samun haihuwarsa a tanki a Jami'ar Fulorida, yana kaiwa kusan tsawon taƙi da rabi, ba shi da abin yi a irin wannan wuri. Ruwa kaɗan ba ya ɓoye laifi: kofi biyu suka ƙafe, gishiri ya hau.

Anemoni kuwa ana cewa a jira wata shida zuwa shekara. Cikin nau'o'i fiye da dubu, kimanin goma ne kawai ke karɓar kifi, kuma duk 'yan ruwan ɗumi ne masu dogaro da haske, ba su da ko kaɗan daga juriyar 'yan gaɓar Skotland. Anemoni tana tafiya. Idan wuri bai yi mata ba sai ta saki dutse da dare ta bi ruwa, ta harbi murjanin da ta tarar a hanya, ko famfo ya zuƙe ta ya niƙe, da safe a tarar da tanki fari kamar madara da kifaye a mace. A teku kuma ana ganin wasunsu suna rayuwa shekaru gommai, suna hayayyafa a hankali ƙwarai, kuma kifin anemoni ba ya rayuwa a can sai da su. Ciro guda ɗaya daidai yake da rushe gidan da zuriyoyin kifi da yawa za su gada. A ganin mai wannan rubutu, sayen irin waɗannan manyan anemoni na teku don tankin lita sittin ba shi da wata hujja. Akwai guda ɗaya, mai yatsu masu kumburi a kai, Entacmaea quadricolor, wadda ke rabewa biyu da kanta a tanki, har masu kiwo suna musayar 'ya'yanta a tsakaninsu.

Kasuwar murjani ita ma ta karkata wannan hanya, wani ɓangare bisa tilas. Fiji ta hana fitar da murjani a ƙarshen 2017, Indunusiya ta dakatar da nata a watan Mayun 2018. Dakatarwar ta haɗa har da manoman Bali da ke dasa rassa a kan teburan ƙarfe a cikin ruwa mara zurfi, mutanen da suka bar fasa tudu suka koma shuka, kuma da yawansu sun rasa abin yi. Farashi ya tashi a Turai da Amurka, masu kiwo suka koma kan ɗan reshen da aka yanka daga tankin wani aka manna a kan ƙaramin faifan siminti. A farkon 2020 Indunusiya ta sake buɗe ƙofa, ta fara da murjanin da aka noma.